Itacen Jegon Sahura

Ko na manta da komai a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da shekarar da tsohuwar ɗorawar gonarmu ta faɗi ba. Mun ji zafin faɗuwarta, don daga jikinta muke samun kalwar da muke daddawa. Amma ba wannan ne ya sa na kasa mantawa ba. Abin da na yi da itacenta ne. Har yau in na ga an jibge itace a ƙofar gidan wani, sai in gyara mayafi in ƙara sauri, kamar itacen zai kira sunana.

Ni mazauniyar wani ƙauye ce kusa da Bebeji, kuma a lokacin 'ya'yana bakwai. Ba ni da hayaniya, kowa zai shaida. Amma akwai abu ɗaya da nake taƙama da shi a cikin raina, wato ido. In amarya ta shigo gidan biki na dube ta sau ɗaya, zan gane ko tana da ƙaramin ciki, wani lokaci tun ita kanta ba ta sani ba. Wuyanta nake kallo, da yadda take zama, da yadda take kau da kai in an buɗe kwanon miya. Na faɗa a kan mata da yawa, kuma ya tabbata. (Waɗanda na faɗa bai tabbata ba, mutane sun manta da su, ni ma na taya su mantawa.)

Da na shiga makarantar yaƙi da jahilci ta matan aure, sai abin ya ƙaru. Wata rana aka gayyato mana malamar asibiti ta yi mana bayani a kan alamomin shigar ciki. Ta ce yawanci ɓatan wata ne farkon abin da mace ke lura da shi. Ta ambaci kasala da yawan barci, da yawan fitsari, da nauyin ƙirji, da tashin zuciya, da ƙin warin abincin da aka saba ci. Duk wanda ta faɗa sai in gyaɗa kai kamar ni na aiko ta. A ƙarshe ta ce duk waɗannan alamu ne kawai, gwaji ne ke tabbatarwa. Wannan ne ban ji da kyau ba, don a daidai lokacin ina raɗa wa ta kusa da ni abubuwan da malamar ta manta.

Babban ɗana (ɗan fari ne, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba, ko a rubuce) ya auri wata yarinya daga Kiru mai suna Sahura. Yarinya ce mai hankali da tsabta, ga hannu a girki. Tun da ta tare ta karɓi tukunyar gidan, ta ce in huta. Shekara ta zagayo, ta biyu ta kama hanya, shiru. Ni ban taɓa ce mata komai ba, Allah ne shaidata. Amma gari ba ya shiru. In aka miƙa mata jariri a gidan suna, sai wata ta ce, "Allah ya kawo naki," da irin muryar da ke nufin "har yanzu?" Ina ganin yadda take dawowa gida ta shige ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba. Abin yana cin raina, domin na ɗauke ta kamar ni na haife ta.

A ƙarshen daminar nan, ana shirin girbin masara, Sahura ta kawo mana tuwo da miyar kuka. Ina buɗe kwanon, warin daddawa ya bugi hancina har sai da na mayar da murfin. Miyar da kullum nake sha ina suɗe kwano. Na daure na kai loma, sai na ji bakina kamar na tsotsi tsohuwar ƙusa.

Na dubi maigidana na ce, "Malam, ba ka ji miyar nan wani iri ba?"

Ya ce, "Wane iri? Miya ce." Ya ƙara loma.

(Malam mutum ne da in kin ba shi tuwo da ruwan zafi zai yi hamdala ya nemi ƙari, don haka ban ɗauki shaidarsa da nauyi ba.)

Washegari aka yi miyar kuɓewa, haka. Aka yi taushe, haka. Ina zaune ina juya loma a hannu sai wani abu ya faɗo mini a rai. Mace mai ƙaramin ciki harshenta kan canza. Ba ta jin gishiri daidai, ba ta jin daddawa daidai, sai ta yi ta zubawa ba ta san ta zarce ba. Na tsame hannuna daga kwanon a hankali. Na ce a raina, Allah mai iko, Sahura ta samu.

Daga ranar na sa mata ido, kuma duk inda na duba sai in ga shaida. Turaren wutar da take sawa a ɗakinta ya yi ƙarfi, har ba na iya wucewa ta ƙofarta sai na toshe hanci. Na ce warin girki take korewa. Na gan ta tana hamma da rana tsaka, na ce ga kasalar ta fara. Da mijinta zai je kasuwar Tudun Wada na ce ya sayo tsamiya da lemun tsami, ban gaya masa dalili ba. Da ya kawo na ce bari in ɗanɗana in ji ko mai kyau ce. Kafin in kai mata, rabin ledar ya tafi a wajen ɗanɗanawa.

Ni kuwa a nawa ɓangaren, jikina duk ya mutu. In na zauna ɓarar masara sai in farka in ga kaji suna ci a gabana. A makaranta barci ya sace ni a kan benci har sai da malamarmu ta taɓa ni. Buta kuwa ba ta hutawa a hannuna. Duk na ba kowanne dalilinsa: barcin aikin kaka ne, fitsarin sanyin ƙarshen damina ne. Watana dama ya daɗe yana mini wasa, ya zo, ya ƙi zuwa. Da ya ɗauke gaba ɗaya sai na yi hamdala, na ce girma ya zo, na huta da fashin salla. Na haura arba'in, autata ta kusa gama firamare. Jika nake jira, ba wani abu ba.

Wata safiya na tarar da Sahura tana ɗaga bokitin ruwa daga bakin rijiya. Na ce, "Sahura, ajiye. Daga yau kada ki ƙara ɗaukar abu mai nauyi. Daka ma ki bar wa ƙannen mijinki."

Ta ce, "Inna, ai lafiyata ƙalau."

Na ce, "Na sani. Ai ba ciwo ba ne."

Ta ɗago ta dube ni, ta sake sunkuyar da kai. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Inna, ni fa ban ga wata alama ba."

Na ce, "Ba sai kin gani ba. Ni na gani."

Ta yi shiru. Na ɗauka shirun kunya ne, irin na suruka a gaban uwar miji. Na wuce ina jin daɗi a raina.

A cikin kwanakin ne iskar ruwan ƙarshe ta kayar da ɗorawar. Malam ya ce zai sayar wa masu gidan burodi na bakin titi. To, a wajenmu, in matar ɗanka ta sami cikin fari, gidan iyayenta take komawa ta haihu, ku kuma dangin miji ku ne da kai itacen da za a riƙa dafa mata ruwan wankan jego. Amma ba a fara tara shi sai ciki ya tsufa, ya fito kowa ya gani. Na san wannan sarai. Sai dai na ga itace mai kyau, ga yawa, ga shi Allah ne ya kayar mana da shi a daidai lokacin.

Na ce, "Malam, kada a sayar. A kawo shi gida."

Ya ce, "Me za ki dafa da itace har haka?"

Na ce, "Za a buƙace shi a Kiru nan gaba."

Ya tsaya da jan carbinsa ya dube ni. "Kin tabbata?"

Na ce, "Malam, yaushe idona ya taɓa yi mini ƙarya?"

Ya ce, "To, Allah ya raba lafiya."

Aka kawo shi a amalanken shanu, aka faskara, aka jera a ƙofar gida har ya fi katanga tsawo. A ƙauye irin namu wannan ya fi a ɗauki mai shela. Maƙwabta suka fara leƙowa. "Innar yara, wannan itace haka?" Ni kuma in yi murmushi in ce, "Ana dai tanadi." Ban faɗi komai ba, kun gani, amma ban bar komai ba. Mata suka shiga yi wa Sahura sannu. Har Bafulatanar da ke kawo mana nono ta fara yi mata gyaran ludayi guda, ta ce na ɗan baƙo ne. Sahura ta karɓa ta yi godiya. Na lura ta rage fita, ta rage magana. Na ce laulayi ne.

Labari ya bi motocin kasuwa ya isa Kiru. Sai ga mahaifiyar Sahura, Hajiya Tabawa, ta yi sallama da ƙullin zogale da ƙuli-ƙuli da man shanu. Mace ce mai fara'a, wadda in ta yi dariya sai an ji a gida na uku.

Bayan mun gaisa ta ce, "Haba Innar yara, sai a bakin 'yan kasuwa zan ji? Ita wannan ko a waya na tambaye ta sai ta ce lafiya lau."

Na ce, "Hajiya, kin san yaran da kunya. Ni ma ba faɗa mini ta yi ba, gani na yi."

Ta ce, "Ai an ba ni labarin idonki. An fara awo kuwa? Yanzu an ce da wuri ake farawa."

Na ce, "Dama ke nake jira. Gobe ranar awo ce, sai mu kai ta tare."

Haka muka ɗunguma mu uku a a-daidaita. Tun a hanya warin mai ya fara juya mini ciki, na ce wa direban mansa ba shi da kyau. Na zaro lemun tsamin da na ƙullo wa Sahura, na ɓare na fara tsotsa.

A asibitin mun tarar da masu ciki jere a kan bencina, a cikinsu har da yaran da aka haifa a gabana, wasu ma na goya su. Suka yi ta gaishe ni. "Inna, an kawo suruka awo? Allah ya raba lafiya." Ina amsawa ina gyara zama.

Da layi ya zo kanmu muka shiga, sai na ga ashe malamar nan ce da ta zo makarantarmu. Ta dube ni ta ce, "Mama, ai na gane ki. Ke ce mai gyaɗa kai." Na ji daɗi an gane ni a gaban Hajiya Tabawa. Malamar ta ce ko za mu jira a waje ta gana da yarinyar. Na ce ai mu iyayenta ne, ba baƙi ba. Ta tambayi Sahura ko ta yarda mu zauna. Yarinya za ta ce a fitar da uwarta da uwar mijinta? Ta gyaɗa kai.

Malamar ta ce, "Yaushe rabonki da al'ada?"

Sahura ta amsa can ƙasa-ƙasa. Malamar ta matso da kunnenta. Ɗakin ƙarami ne, don haka duk mun ji. "Satin da ya wuce na yi wanka."

Hajiya Tabawa ta juyo ta dube ni. Na ce, "Ai wasu suna gani a kan ciki, malama."

Ta ce, "Akan ga ɗan ɗigo, Mama. Bari mu gwada, shi zai raba mu."

Ta ba Sahura 'yar kwalba ta je ta kawo fitsari, ta tsoma tsinken gwaji, muka jira. Sannan ta dafa kafaɗar Sahura ta ce, "Ƙanwata, babu ciki yanzu. Kada ki damu. In kina so, wata rana ku zo ke da maigidanki a duba ku ku biyu, don ba a ɗora wa mace ita kaɗai."

Na dubi Sahura. Hawaye kawai na ga suna sauka a kan hijabinta.

Mai hankali a nan zai yi shiru ya ja mutanensa su tafi gida. Ni kuwa sai na gyara murya na ce, "Malama, ba gardama nake ba, amma a sake dubawa. Alamomin nan da kika koya mana duk na gan su."

Ta ce, "Waɗanne kika gani?"

Na fara jerowa. Girkinta ya canza, daddawa ta yi yawa har ba a iya buɗe kwano. Turarenta ya yi ƙarfi. Tsamiya ba ta kwana a gidan.

Malamar ta juya ga Sahura. "Kina jin tashin zuciya?"

"A'a."

"Kin ƙara daddawa a miya?"

"Yadda na saba nake sawa. Da Inna ta yi magana ma ragewa na yi."

"Tsamiyar fa?"

Sahura ta saci kallona ta sunkuyar da kai.

Malamar ta ajiye bironta ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni. "Mama, a gidan wa ke jin warin daddawar?"

Na ce, "Ni."

"Turaren fa?"

Na ce, "Ni." Amma wannan karon muryata ta ragu.

Na waiwayi Hajiya Tabawa. Idonta kawai na ga ya sauka a kan ɓawon lemun tsamin da ke hannuna. A daidai nan wata a waje ta buɗe kular abincinta, warin wake da manja ya shigo ta taga. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai tsinci kaina a gindin bishiyar da ke gaban bencinan awo, a durƙushe, ina amayar da duk abin da na ci tun safe. Yaran nan da na goya suna ta "Sannu Inna, sannu Inna," ɗaya ta kawo mini buta.

Da na koma ciki, malamar ta ce, "Mama, ke yaushe rabonki da al'ada?"

Na ce, "Ai ni na gama, malama."

"Wa ya ce miki kin gama?"

Na ce, "Shekaru."

Ta ce a bar mu mu biyu ta duba ni. Ni da bakina na ce, "A'a, su zauna. Taifot ne, duk kaka sai ya taɓa ni. Ki gwada ki faɗa a gabansu, ba abin ɓoyewa ba ne." Ta miƙo mini irin kwalbar da ta ba Sahura. Na karɓa ina cewa a raina, yarinyar nan ɓata tsinkenta kawai za ta yi.

Ta duba tsinken, ta daɗe tana dubawa. Na ga tana cije leɓe. Ta ce, "Mama, in faɗa a nan?"

Na ce, "Faɗi mana."

Ta ce, "To, ke za a yanka wa katin awo."

Na ji maganar, amma sai da ta zaga ɗakin ta dawo kafin ta shiga kaina. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ga surukata da na janyo, ga mahaifiyarta da ta taso tun daga Kiru da man shanu. Hajiya Tabawa ta cusa gefen mayafinta a baki, kafaɗunta suna rawa. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Can ta ce, "Innar yara, ashe itacen nan..." Ba ta iya ƙarasawa ba.

Malamar ta yi mini bayani a hankali, kamar ba ni ce mai gyaɗa kai ba. Ta ce in mace ta kusa daina al'ada, watan kan yi ta wasa, kuma a cikin wasan nan ciki na iya shiga, sai a ɗauka tsufa ne. Ta ce wasu tun wajen lokacin da watan ya kamata ya zo suke fara jin kasala da nauyin ƙirji, laulayi kuma yakan biyo baya da 'yan makonni, wasu kuwa ba sa jin komai. Ta ce a shekaruna dole in riƙe awo da kyau, a riƙa duba jinina. Sannan ta ce in fita in bi layin awon nauyi.

Na fito riƙe da kati. Na tsaya a gaban bencin nan ban san inda zan sa kaina ba. Wata yarinya da ni na yi mata wankan farko ranar da aka haife ta, ta dubi katin, ta dube ni, ta matsa gefe da tulun cikinta. Ta ce, "Inna, ga wuri."

Muka kama hanyar komawa gida. Kunyata tana nan, amma da na dubi Sahura ta jingina kai da ƙarfen a-daidaita, sai na ga tawa ƙarama ce. Ni dariya za a yi mini. Ita kuwa na ɗauki abin da ya fi komai yi mata ciwo na jera shi a ƙofar gida.

Bayan Hajiya Tabawa ta tafi, na kira Sahura ɗakina. Ban taɓa zaton zan zauna ina ba suruka haƙuri ba, amma bakina ya buɗe da kansa. Na ce, "Sahura, na ɗora miki abin da ba ki ce kina da shi ba. Kin gaya mini, ban saurara ba. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana wasa da gefen tabarma. Ta ce, "Inna, na san babu. Amma da kika ce kin gani, sai na ce ƙila Allah ya nuna miki abin da ni ban sani ba. Ni ma so na yi in yarda."

Can ta share fuska ta ɗago. "Inna, yanzu me kike iya ci?"

Na ce, "Kunun tsamiya."

Ta miƙe. Ta kai bakin ƙofa ta juyo, na ga murmushi yana neman ƙwace mata. "Kuma daga yau kada ki ƙara ɗaukar abu mai nauyi. Ai ba ciwo ba ne."

Da la'asar Malam ya dawo daga gona. Na kai masa ruwa na ce, "Malam, itacen nan ba za a kai shi Kiru ba."

Ya ce, "Subhanallahi. Wani abu ya sami yarinyar?"

Na ce, "Lafiyarta lau. A nan gidan za a ƙona shi. A ƙofar ɗakin nan."

Ya dubi ƙofar ɗakin, ya dube ni, ya cire hula ya sosa kai. Ya ce, "Ikon Allah." Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "To ai idon naki bai yi ƙarya ba. Ciki kam akwai shi a gidan."

Na so in sa a kwashe itacen a ɓoye a bayan gida, ni kuma in shige babban hijabi in daina fita. Sai na tuna cewa 'yan awo na garuruwa daban-daban ne, labari zai iso unguwa a karkace. In aka wayi gari babu itace, za a ce cikin Sahura ne ya zube, ko a ce dama ƙarya ta yi. Za a koma yi mata wani sabon sannu. Don haka na bar shi a inda yake. Ranar makaranta na je da wuri, na jira aji ya cika, na miƙe tsaye. Na ce, "Jama'a, itacen da kuke gani a ƙofar gidanmu, surukata ba ta taɓa cewa nata ne ba. Ni na faɗa, kuma na yi kuskure. Nawa ne."

Sai wata tsohuwar ƙawata daga baya ta ce, "Naki kamar yaya?" Na ɗaga katin awo. Ranar ba a yi karatu ba.

An yi watanni ana shan dariyata, a gidan biki da bakin rijiya. Bafulatanar nan ta mayar da ludayin gyara cikin ƙwaryata. Babban ɗana kuwa daga bakin ƙofa yake gaishe ni ya wuce da sauri, don abokansa sun sa masa suna yayan jariri. Amma a duk tsawon lokacin ba wanda ya sake tuna Sahura da "har yanzu?" Bakin gari ya sami abin da ya fi ta daɗin taunawa.

Allah ya sauke ni lafiya, a asibiti, na sami mace. Sahura ce ke tashi ta hura wuta da itacen nan ta dafa ruwa, safe da yamma. Hajiya Tabawa ta zo musamman daga Kiru ta yi mini wankan kwanakin farko, tana tsoma ganye a ruwan zafi tana cewa, "Juya, amarya." Ita ta sa wa yarinyar Ta-Ɗorawa, sunan kuma ya bi ta har ya danne na yanka. A bayan Sahura ta girma, ni nono kawai ake kawo mini ita in ba ta.

Ta-Ɗorawa ta fara tafiya ke nan, wata rana Sahura ta ce in taimaka in yi girkin rana, kanta na ciwo. Na yi tuwo da miyar kuka na kai mata. Ta buɗe kwanon, ta mayar da murfin da sauri. Ta ce, "Inna, daddawar nan ba ta yi yawa ba?"

Gabana ya faɗi. Abu na farko da na yi, na lakaci miyar na ɗanɗana. Lafiya lau take a bakina. Na tsaya na bi jikina kaf a zuci, na tabbatar ba ni ba ce. Sannan na ce, "Ƙila hannuna ne ya zarce." Na ɗauke kwanon na je na dama mata kunun tsamiya. Ban gaya wa kowa ba. Ko ita ban gaya mata ba.

Bayan 'yan kwanaki Malam ya ga tsamiya ta dawo gidan, ya dube ni a tsorace. Na ce, "Kwantar da hankalinka, ba ni ba ce." Ya sauke numfashi ya ce, "To ko in fara neman itace?" Na ce, "Malam, ko tsinken sakace kada ka ajiye a ƙofar gidan nan sai malamar asibiti ta faɗa, kuma sai mai shi ta faɗa da bakinta."

Sahura ta faɗa kuwa, a lokacin da ta ga dama. Itacen da muka kai Kiru saye muka yi, kuma sai da ciki ya fito kowa ya gani. Yanzu ga yaron da ta haifa nan yana bin Ta-Ɗorawa a tsakar gida, ana koya masa ya ce mata Goggo, ita kuma tana ƙwace masa rake.

Idon nawa yana nan, ban ce ya mutu ba. Har yau nakan gani a gidan biki, in kuma haɗiye. Amma duk ranar da miya ta canza mini a baki, kafin in dubi mai girkin, harshena nake fara tuhuma.